Baffan da Ya Koya Mini Musu da Manya

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, kuma kowa da ranarsa. Ta Baffa ta zo ne wata Litinin da hantsi, yana zaune a kujerarsa ta ɗakin duba marasa lafiya, takalmansa a tuɓe ƙarƙashin tebur kamar yadda ya saba. Ya sallami wani dattijo, ya ce a dakata da na baya ya ɗan huta, ya jingina. Da ma'aikacin jinya ya leƙo ya ji ko a turo mutum, sai ya tarar rai ya yi halinsa. Bayan la'asar aka sallace shi, muka kai shi maƙabartar Al-Oud.

Wanda bai taɓa binne nasa a Riyadh ba, da wuya ya gane abin da ya sa na zauna rubutun nan. Nan ba a rubuta suna a kabari. Dutse ɗaya wajen kai, ɗaya wajen ƙafa, shi ke nan, mai mulki da mai shara duk ɗaya. Ban ga laifin haka ba, gaskiya ce tsagwaronta. Amma bayan sati biyu na koma in yi masa addu'a, na yi ta zagaye cikin rana ban gane wanne ne nasa ba, ƙarshe na tsaya a tsakiya na yi wa kowa da kowa. A mota na ce wa kaina, tunda ƙasa ta ɓoye shi, mu da muka ci moriyarsa sai mu faɗi abin da muka sani tun muna da baki.

Kwana uku aka yi ana karɓar gaisuwa a gidansa na Malaz. Falon bai ɗauki jama'a ba, sai da maƙwabcinsa ya buɗe nasa, ana ta zagayawa da gahawa da dabino. Mutanen Maraɗi da Damagaram, masu gadi da direbobi da 'yan gini, suka riƙa zuwa gungu-gungu da kayan aikinsu a jiki, suna zama a matattakala don sun ƙi taka kafet da ƙura. Babbansu ya riƙe hannuna ya ce, "Likita, yanzu wa za mu gaya wa ciwonmu ya bar mu mu kai ƙarshen magana?" Na ce ai ina nan. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ma kana da kirki, amma kana da faɗa." Wannan karon ban yi musu ba.

Basudanen da ke ba da magani a asibitinmu, dogon mutum ne mai ƙarancin magana. A rana ta uku ya ce, "Wallahi ya daktur, rubutunsa ya fi na kowa muni, amma ni zan yi kewarsa." Can kusa da ƙofa kuma wani babban likita ne Bamisire, wanda suka yi shekaru suna sa-in-sa da Baffa a kwamitin jarrabawa, yana share ido da bayan hannu yana cewa yanzu wa zai ƙara gaya masa bai yi daidai ba. 'Yar Baffa ta fari, wadda ta girma a nan har Larabcinta ya fi Hausarta, ta tambayi uwarta ko duk waɗannan masu cewa Baffa, Baffa, danginsu ne. Inna ta ce mata e, dukkansu, har Bamisiren.

Gaskiya ba mu haɗa jini da shi ba. Shi mutumin Haɗeja ne, ni daga Malumfashi. Jarrabawar da na faɗi ce ta haɗa mu.

A farkon shekarun tamanin ɗin nan, da aka fara buɗe ƙananan asibitocin unguwa, waɗanda a nan ake kira markaz, aka ɗebo mu matasan likitoci daga ƙasashe daban-daban. Ba a sakin mutum ya zauna da marasa lafiya shi kaɗai sai ya yi shekara a ƙarƙashin babba, sannan ya zauna gaban kwamiti. Wanda ya faɗi, a ba shi wata uku ya gyara. In ya sake faɗuwa, a soke iƙamarsa, wato takardar zama, a buga masa bizar fita ba dawowa, a haɗa masa da wasiƙar da ke cewa bai isa ya duba mutum ba sai da mai sa ido. Wasiƙar nan ta fi korar ciwo, don har gida za ta bi ka.

A jarrabawar rubutu ni na zo na ɗaya, ba yabon kai ba. A ta baki ce asirina ya tonu. Bamisiren nan ya gyara tabarau ya ce, "Jariri ɗan wata takwas, gudawa, idonsa ya faɗa, maɗigarsa ta loɓa. Sai mu ba shi maganin tsayar da gudawa mu sallame shi, ko ba haka ba?" Na san ba haka ba ne. Ko daga barci aka tashe ni na san ruwa yaron nan yake nema a jikinsa, kuma maganin nan illa zai yi masa. Amma mutumin ya haife ni, kansa fari fat, kuma ya ce ko ba haka ba. Na sunkuyar da kai na ce, "Haka ne, ya daktur." Sau uku ya ɗana mini tarkon nan da ciwo daban-daban, sau uku na zura ƙafa.

Kada ku yi saurin ce mini wawa, ko da yake ba ku yi ƙarya ba. A gidanmu, in mahaifina ya ce yau rana daga yamma ta fito, abin da ɗa zai ce shi ne Allah Ya sa alheri ne. A makarantar likitanci kuwa, in babban likita yana zagayen gadaje, mu ƙanana aikinmu riƙe fayil da gyaɗa kai. Shekara ashirin da takwas ana yabona a kan ladabi, ban taɓa sanin zai zama abin da za a kore ni a kansa ba.

Baffa yana cikin kwamitin ranar, can ƙarshen tebur, yana tauna goro a hankali. Bayan na fita, Bamisiren ya ce hadda kawai na yi, kaina fanko ne, a sallame ni tun yanzu kowa ya huta. Baffa ya ce a ba shi ni wata ukun da doka ta ce. Sai daga baya ya gaya mini abin da ya hango: duk sanda na ce haka ne, manunin yatsana yana kaɗawa a kan gwiwata, a'a, a'a. "Yatsanka ya ci jarrabawa," in ji shi, "bakinka ne ya faɗi."

A lokacin matata tana Malumfashi da jaririyar da ban taɓa gani ba, tana jiran in ci in aika musu biza. Na rubuta mata cewa takardu ne suka yi jinkiri. Ƙarya ce, kuma har yau in na tuna ina jin kunya.

Mu faɗaɗɗu ana ce mana 'yan ajin Baffa, kuma ba suna ne na yabo ba. Abin da na gane daga baya shi ne bai taɓa yi wa mutum biyu magani iri ɗaya ba. Ya kan ce, "In likita ya faɗi jarrabawa, shi ma mara lafiya ne. A fara gano ciwon tukuna." Akwai wani ɗan Pakistan da ke rubuta wa mai mura magani biyar, Baffa ya sa aka yanka masa takardun magani ƙanana, waɗanda ba sa ɗaukar fiye da layi biyu. Akwai wani ɗan Sham da ba ya barin mara lafiya ya gama jimla. Shi kuma dabino ake sa masa a baki in mutum ya shigo, ba shi da izinin magana sai ya tsotse ƙwallon tas. Muka yi ta yi masa dariya, amma ya ci jarrabawarsa.

Ni kuwa, ranar da na fara zuwa markaz ɗinsa na Ulaisha, kujera ya nuna mini a gefen teburinsa. "Zauna nan, ɗana. Duk takardar maganin da na rubuta, ka karanta kafin mai ita ya karɓa. In ka ga wani abu, faɗa."

Kwana biyu ban ga komai ba. A rana ta uku ya rubuta wa wani yaro ɗan shekara huɗu maganin da ya isa ƙato. Na karanta, na miƙa wa uban takardar da hannu biyu. Suna fita na ce zan zaga. Ban zaga ba, da sassarfa na bi ta baya zuwa tagar magani, na raɗa wa Basudanen nan cewa a rage, alƙalami ne ya zame wa Baffa. Ya ce, "Halas, ya daktur," wato an gama, ya ci gaba da aikinsa. Washegari Baffa ya rubuta allurar fenisilin ga mutumin da aka ja wa jan layi a fayil cewa tana kumbura shi. Na sake zagawa.

Sati uku ina wannan zagayen, har ma'aikacin jinya ya fara tambayata ko ciwon ciki gare ni. Kuma wallahi daɗi nake ji. Na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa bawan Allah, ni kuma Allah Ya kawo ni in rufa masa asiri. In na kwanta har tausayinsa nake ji, ina yaba wa kaina, ɗan halak mai tarbiyya.

Wata Laraba bayan an tashi, ya ce in rufe ƙofa. Ya buɗe aljihun tebur ya zubo takardu, duk waɗanda na bi na gyara a ɓoye, ba wadda ta ɓata. Ya ce in dube su da kyau. Sai lokacin na lura dukkansu da koren biro aka rubuta su. Biro biyu yake sawa a aljihu, shuɗi da kore, ni ban taɓa kawo komai a raina ba. Ashe sun shirya da Basudanen: takardar da ta zo da kore ba a ba da maganinta, na gaskiya yana rubuce da shuɗi a cikin fayil, fayil ɗin kuma shi ma tagar yake zuwa. Duk gudun da nake yi, Basudanen yana ajiye takardar ya kawo wa Baffa da yamma.

"Ba ka kuskure ko ɗaya ba," in ji Baffa. "Ilimi kam akwai. To amma ranar da mai ba da magani ya tafi salla fa? Ranar da mutum ya ɗauki takardar ya kai kemis a kasuwar Batha fa, ta wace taga za ka bi?"

Na ce, "Baffa, na ga bai dace ba ne in kunyata ka a gaban mutane."

"Kunyata ni?" Ya tuɓe tabarau ya ajiye. "Sati uku kana kallona a matsayin tsohon da ya rikice, kana tausayina a bayan idona, kai da mai ba da magani. Wannan shi ne girmamawar? Da ka ɗauke ni mutum, da ka gaya mini a fuskata."

Maganar nan ta shige ni, kuma na yi fushi. Irin fushin da muka iya na yi: gaisuwa cikakkiya har da rusunawa, daga nan ba ƙari. Juma'a biyu ban je cin tuwon da Inna take yi mana ba bayan masallaci. Raina yana gaya mini an mayar da ni abin wasa, ga lokaci yana tafiya, ga mace tana jira a gida. Shi kuwa ko a jikinsa, yana ta rubutu da korensa, ni ina ta miƙa takarda ina kallon bango.

Inna ce ta raba faɗan. A Juma'a ta uku, ina fitowa daga masallaci na tarar da Baffa tsaye jikin motarsa cikin zafin nan na Riyadh. Ya ce, "Ni ba biko na zo ba. An ce in ban zo da kai ba, ni ma ba ni da tuwo." Na shiga.

Muna cikin ci ya ɗaga murya ya ce miyar kukar nan gishirinta ya yi kaɗan. Daga bayan labule Inna ta ce, "Gishiri daidai yake, Malam, harshenka ne goro ya cinye." Ya juyo gare ni da loma a hannu. "Ka ji ko? Shekara talatin ke nan tana gyara ni a gaban baƙi, ka ga na ragu da wani abu?" Inna ta ce, "Ai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kai kuma ɗan nan, ci tuwonka ka bar kumbure-kumbure, ka rame." Dariya ta ƙwace mini ba shiri, fushin ya tafi ke nan.

A ranar ya gaya mini maganar da nake maimaita wa nawa ɗaliban yanzu. Na kawo masa zancen cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ya ce wannan gaskiya ne a zancen aure da rabon gado, amma a ɗakin duba mara lafiya wanda ya gani shi ne ya gani. "Ban ce ka zubar da tarbiyyar gidanku ba. Sunkuyar da kai, ce a gafarce ka, durƙusa ma in ka ga dama. Amma ka faɗa, kuma a cikin ɗakin, kafin takarda ta fita."

Ranar Asabar da aka koma aiki na fara. Muryata ta fito siririya, ni kaina da ƙyar na ji ta: "Baffa, a gafarce ni, a sake duba layi na biyu." Ya yaga takardar ya rubuta wata, ya ce a turo na gaba. Ko sannu bai ce mini ba. Da ya ga na fara sabawa sai ya canza salo, in na gyara ya haɗe rai ya ce shi ya san abin da yake yi, tun ba a haife ni ba yake wannan aikin. Karon farko na janye na ba da haƙuri. Ya buga tebur ya ce, "Haƙurin me? Littafin ne ya canza don na ɗaga murya?" Haka muka yi ta yi, har na kai in ya yi tsawa sai in ƙara sunkuyar da kai in maimaita abin da na ce.

Amma ni da shi mun san akwai saura. Tunda na san sirrin kore, gyaran ya zama wasan da kowa ya san ƙarshensa. Shi da kansa ya ce, "Ɗana, na koya maka iyo a tudu. Ban san yadda zan jefa ka ruwa ba tare da na jefa wani bawan Allah ba."

Saura kwana goma in koma gaban kwamiti, wata ranar Litinin bayan la'asar, layi ya kai har waje. Baffa yana azumi, ya gaji, ga mudir, wato shugaban markaz ɗin, wani Balarabe mai son tsari, ya shigo da takardu yana tsaye yana jiran sa hannu. Aka turo wani tsoho mutumin Damagaram, mai gadi ne a wani gida, zuwansa na farko, fayil ɗinsa ba komai a ciki. Jininsa ya hau sosai. Baffa ya auna, ya yi masa tambayoyi biyu uku, ya rubuta maganin hawan jini da ake yayi a lokacin. Magani ne mai kyau, sai dai in mai asma ya sha yana iya shaƙe masa ƙirji har lahira. Ni kuwa, sanda tsohon ya zaro iƙamarsa daga aljihun gaba, na hango bakin abin shaƙar nan na masu asma ya leƙo.

Baffa ya miƙo mini takardar. Na duba, shuɗi ne.

Ba zan ɓoye muku ba, abin da ya fara zuwa mini shi ne in ce zan zaga. Sai tsohon ya miƙa hannu yana cewa, "Ba sai na bi layin taga ba, likita, maigidana yana jira a mota, a Batha zan saya." Na riƙe takardar ban saki ba. Ga mudir a tsaye, ga mutumin da ya tsaya mini alhali kowa ya ce a kore ni, ga ƙofa a buɗe. Na miƙe na ce, "Baba, dakata tukuna. Baffa, a gafarce ni, maganin nan ba na mutumin nan ba ne."

Baffa ya ɗago. Wannan haɗe ran ba na wasa ba ne, na san bambancinsu. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Shuɗi ne, ɗana."

"Na gani, Baffa. Shi ya sa."

Na roƙi tsohon ya fito da abin da ke aljihunsa. Ya zaro ya ajiye a tebur. Baffa ya daɗe yana kallon abin nan, sannan ya ce, "Malam, kana da asma?" Tsohon ya ce, "Tun ina saurayi. Ai ba ku tambaye ni ba." Baffa ya ce, "Gaskiyarka, ban tambaya ba." Ya karɓi takardar daga hannuna, bai yaga ba, ya ninke ya sa a aljihu, ya rubuta wani maganin. Mudir ba ya jin Hausa, ya tambaya me ke faruwa, Baffa ya ce masa sai an jima. Har muka tashi bai ƙara ce mini komai a kai ba, ni ma ban tayar ba. Na tafi gida ina jin kamar na mari mahaifina.

Ranar kwamiti, mutum uku ne a tebur: mudir, Bamisiren, da Baffa. Bamisiren ya sake ɗana tarkunansa. Na sunkuyar da kai na ce a gafarce ni, ba haka ba ne, na kawo dalili. Ya ɗaga murya, na maimaita. Ya kawo wata wadda daidai ce don ya ga ko musu kawai na koya, na ce wannan kam haka ne. Na ɗauka an gama. Sai ya jingina ya ce wa mudir, a gabana, wannan duk horon aku ne. Wata uku ana koya wa yaro wasan kwaikwayo, kowa ya san da zancen koren biro. Wa ya ce ranar da babba ya yi kuskuren gaske zai iya buɗe baki? Shi dai ba zai sa hannu ba. Kuma tsakani da Allah, tambayarsa tana kan hanya.

Baffa ya sa hannu a aljihu. Na gane takardar tun kafin ya warware ta, na yi masa alama da ido kada ya yi, bai ko kalle ni ba. Ya shimfiɗa ta a gabansu ya ce da Larabci, a hankali yadda kowa zai ji, "Wannan rubutuna ne, wannan sa hannuna ne, kuma ba gwaji ba ne. Na rubuta wa mai asma wannan maganin don ban tambaye shi ba. Da takardar nan ta fita, wataƙila da mun binne shi. Wannan likitan ne ya tsayar da ni, a gabanka, ya mudir, ranar da ka tambaye ni me ke faruwa."

Duk wanda ke wurin ya san abin da Baffa ya jawo wa kansa. Tunda maganar ta fito a zaman kwamiti, dole mudir ya rubuta ta. Kuma haka aka yi: aka sa masa takardar gargaɗi a fayil, aka yi wata shida ana bin bayan rubutunsa kamar sabon zuwa, shugabancin horar da likitoci da kowa ya san nasa ne aka ba Bamisiren. Baffa ya san duk wannan tun kafin ya sa hannu a aljihu.

Bamisiren ya ɗauki takardar ya karanta sau biyu. Ya dubi Baffa, ya dube ni, ya jawo takardar sakamako ya sa hannu shi na farko. Ya miƙo mini hannu ya ce, "Mabruk, ya daktur." Na ci.

Da muka fito wajen ajiye motoci, rana tana tsaka, na kasa riƙe abin da ke cina. Murna tana nan, amma haushi ya fi ta. Na sha gabansa na ce, "Baffa, ba ka kyauta wa kanka ba. Bai kamata ka fito da takardar nan ba, da an bi ta wata hanya. Shekara nawa kana gina sunanka? Kuskure ka yi."

Ya tsaya da makulli a hannu yana kallona. Sai ya fashe da dariya, har ya dafa motar, ƙarfen ya ƙona shi ya janye hannu yana ci gaba da dariyar. Ya ce, "To madalla, yau ko a gafarce ni babu. Wannan karon kai ne ba ka yi daidai ba, amma shiga mota ka ci gaba, ina jin ka." Muka yi ta musu tun daga nan har Malaz, ban sauka daga ra'ayina ba, shi ma bai sauka ba. Inna ta ji muryoyinmu tun daga matattakala, ta ce ba sai an gaya mata ba, ta san an ci.

Bayan wata biyu shi ya tuƙa ni filin jirgi na tarbi matata, na ɗauki 'yata karon farko, tana ta kuka don ba ta san ni ba. Tun daga lokacin likitoci da yawa sun bi ta ajin Baffa sun fita da kansu a sama, wasu sun koma Kano da Sakkwato, wasu Khartum da Lahor, suna duba mutane su kaɗai. Ni kuma ga ni nan, mai faɗan da mutanen Maraɗi suke faɗa, kuma duk wanda bakina ya dama ya san wanda ya buɗe shi.

Allah Ya ba Inna da 'ya'yanta haƙuri, da mu 'ya'yan da ya tsinta a ƙofar kora. Ya Ubangiji, ga bawanka nan ya zo gare Ka. Mun shaida ya tona asirin kansa da hannunsa a gaban mutane don ya rufa wa wani. Ka rufa masa nasa ranar da za a buɗe na kowa.